Masaukin Masu Fasaha

A kowane gari akwai masu fasaha. Akwai makaɗa da mawaƙa, da masu rawa da 'yan wasan kwaikwayo. Akwai masaƙa da marina, da dukawa, da masu sassaƙa, da masu ginin tukwane, da masu zane a jikin ƙwarya ko a bangon soro. Akwai kuma marubuta, masu tsara waƙa ko labari a takarda. Duk waɗannan Allah ya ba su baiwa, kuma da su gari ya ke yin kyau.

To, amma akwai abu guda da ya ke damunsu duka, watau rashin sukuni. Ku dubi masaƙin garinku. Watakila ya shekara biyar da wani sabon ado a zuciyarsa, yana so ya gwada shi. Amma ran kasuwa tana zuwa, ga cefane, ga bashin zare. Dole ya saƙa irin wanda ya san za a saya nan da nan. Ku dubi mai ginin tukwane. Kafin ta zauna gaban yumɓu sai ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi girki, ta lallashi yaro. Mawaƙi kuwa da damina yana gona, da rani yana bin biki da suna. Haka shekaru su ke wucewa, har mutum ya tsufa, abin da ke cikin ransa bai fito ba. In ya mutu, an binne shi tare da shi. Wannan hasara ce ga gari duka.

Saboda haka ne a ƙasashe da yawa aka yi wata dabara. A kan keɓe gida, a kira mai fasaha ya zo ya zauna na ɗan lokaci. A ba shi ɗakin kwana da wurin aiki, a ɗauke masa wahalar abinci, a ce masa, "Yi aikinka." In kwanakinsa sun cika ya koma gida, wani ya zo. Irin wannan gida shi mu ke kira masaukin masu fasaha. Zaman da a ke yi a cikinsa kuwa zaman baƙunci ne. Wani na mako biyu ne, wani na wata uku, wani har shekara guda.

Bambancinsa da zaman fada

Riƙon mai fasaha ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun dā sarakuna su kan riƙe makaɗa. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne. Salihu Jankiɗi kuwa ya yi wa Sarkin Musulmi kiɗa a Sakkwato. Sarki ya kan ba makaɗinsa gida da hatsi, da riga da doki. Da wannan riƙo ne suka sami sukunin tsara waƙoƙin da har yau a ke saurara.

Amma makaɗin fada bara ne na ubangidansa. Zamansa na dindindin ne, waƙarsa kuma ta yabon ubangida ce. A masaukin masu fasaha baƙo ba shi da ubangida. Ba a ce ya yabi kowa ba. Shi ya ke zaɓen aikin da zai yi, kuma abin da ya yi nasa ne, da shi zai tafi. Sai dai ba a zama har abada. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa.

Wata shida a Zariya

Ga wani misali na kusa da mu. Kusan duk wanda ya iya karatun Hausa ya san littafin nan Magana Jari Ce. Ko kun san yadda aka yi shi?

An haifi Malam Abubakar Imam a Kagara cikin 1911. Yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina sa'ad da aka yi gasar rubuta littattafan Hausa cikin 1933. Ya shiga gasar da labarinsa Ruwan Bagaja. Wani Bature mai suna Dokta East, wanda ke shugabancin ofishin talifi a Zariya, ya ga lalle wannan malami yana da baiwa. Amma malamin makaranta ba shi da lokaci, kullum yana cikin aji ko yana duba littattafan yara.

Cikin 1936 sai aka nemi aronsa daga Katsina. Aka kawo shi Zariya, aka ɗauke masa aikin koyarwa wajen wata shida, aka tara masa littattafan labaru na ƙasashe dabam dabam. Ba shi da wani aiki sai karatu da tunani da rubutu. A cikin wannan zama ne ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Sa'an nan shekarunsa 25 ne kawai. Ku duba fa, zaman wata shida ya haifi abin da a ke karantawa fiye da shekara tamanin. Da an bar shi cikin aji, wa ya san ko da yaushe zai gama?

Inda abin ya samo asali

Al'adar ta daɗe a ƙasashen Turai. Cikin 1666 Sarkin Faransa, Luwi na 14, ya kafa wani gida a birnin Roma ta ƙasar Italiya. Ya riƙa aika samari masu zane da masu sassaƙa su zauna can, su ga aikin mutanen dā, su ƙaru. Cikin 1803 aka mai da su wani babban gida mai suna Villa Medici. Har yanzu gidan yana nan, kowace shekara kuma a kan zaɓi mutum 16 su zauna shekara guda.

A Amurka kuwa akwai wani masauki da a ke kira MacDowell, a jihar New Hampshire. Wani mai tsara kiɗa ne, Edward MacDowell, ya lura ya fi yin aiki mai kyau in ya keɓe a wata bukka cikin gonarsa. Da ciwo ya kama shi, sai matarsa Marian ta ɗauki alkawarin mai da gonar wurin da waɗansu ma za su sami irin wannan natsuwa. Aka buɗe cikin 1907. Yanzu akwai ɗakunan aiki 32 a warwatse cikin itatuwa, kowane nesa da ɗan'uwansa.

Ga yadda a ke zama a can. Da safe kowa ya nufi ɗakinsa. Da rana a kan kawo abinci cikin kwando, a ajiye a bakin ƙofa, ba a ko ƙwanƙwasawa, don kada a katse wa mutum tunani. Ba mai zuwa ɗakin wani sai an gayyace shi. Da dare sai a taru a ci abinci tare, marubuci kusa da makaɗi, makaɗi kusa da mai zane, a yi ta hira. In baƙo zai tafi ya kan rubuta sunansa a wani allo da ke rataye cikin ɗakin, ƙarƙashin sunayen waɗanda suka riga shi. Ba a karɓar kuɗin ɗaki ko na abinci daga baƙo. Masu hali ne ke ba da gudummawa a ke riƙe wurin.

A jami'ar Iowa kuma, can Amurka, tun 1967 a ke tara marubuta daga ƙasashen duniya su zauna tare wajen mako goma. Marubutan Nijeriya da dama sun je.

Masaukai a Afirka

Kada ku ce abin na Turawa ne kaɗai. Akwai irinsu a ƙasarmu da maƙwabta.

A garin Iseyin ta jihar Oyo, garin masaƙa, akwai masaukin marubuta mai suna Ebedi. Wani likita marubuci, Dokta Wale Okediran, shi ya buɗe shi cikin 2010. Marubuci ya kan zauna har mako shida yana aikin littafinsa. Abin da a ke nema gare shi shi ne ya ba da 'yan sa'o'i kowane mako ya koya wa yaran makarantun sakandare na garin. Ayobami Adebayo, wadda littafinta na fari ya fito cikin 2017 ya yi suna a duniya, tana cikin waɗanda suka zauna a can.

A Ikko, watau Legas, wani shahararren mai fasaha, Yinka Shonibare, ya buɗe masauki cikin 2022. Gida biyu ne, ɗaya cikin birni, ɗaya a wata babbar gona kusa da Ijebu. A gonar a kan karɓi masu fasaha, a kan kuma karɓi masu binciken aikin noma.

A Agbarha-Otor ta jihar Delta, tun 1998 a ke yin wani taro na masu zane da sassaƙa da sauran aikin hannu. Sunansa da Turanci yana nufin taron hunturu. Wanda ya kafa shi, Bruce Onobrakpeya, a Zariya ya koyi zane. A wurin nan a kan ga malamin jami'a yana aiki kafaɗa da kafaɗa da wanda bai taɓa shiga aji ba.

A ƙasar Sinigal akwai wani ƙauye mai suna Sinthian, nesa ƙwarai da Dakar. Cikin 2015 aka gina masauki a can da tubalin ƙasa da gora da ciyawa, kuma magina na wurin ne suka yi aikin. An yi jinkar da dabara, yadda ruwan sama zai gangara ya taru cikin tankuna, mutanen ƙauyen su amfana da shi da rani. Baƙi suna aikinsu a gefe guda, mutanen gari kuwa suna taro da wasa da karatu a filin tsakiya.

Masu rawa ma ba a bar su a baya ba. A Toubab Dialaw, bakin teku kudu da Dakar, wata gwanar rawa mai suna Germaine Acogny ta kafa wuri inda masu rawa na ƙasashen Afirka ke zuwa su zauna makonni. Ɗaya daga cikin filayen rawar rairayi ne zalla, kamar dandalin ƙauye.

'Yan Arewa ma suna samu. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya cikin 2016, ya taɓa yin irin wannan zama a wani tsohon gidan sarauta a ƙasar Italiya.

Amfanin haɗuwa da waɗansu

Sukuni shi ne amfani na fari. Na biyu kuwa haɗuwa ce da waɗanda suka san abin da ba ka sani ba. Labarin Ladi Kwali zai nuna mana wannan.

Ladi Bagwariya ce, daga ƙauyen Kwali. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane da hannu a wurin danginta. Tulunanta suna da kyau har Sarkin Abuja, Sulaimanu Barau, ya riƙa tara su a gidansa. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su ya yi mamaki. Cikin 1952 ya buɗe wurin koyon ginin tukwane a Abuja ta dā, wadda yanzu a ke kira Suleja. Ladi ta shiga cikin 1954, ita ce mace ta fari.

Wannan wuri ya fi kama da makaranta, gama Ladi ta daɗe a cikinsa. Amma ku ga abin da haɗuwa ta yi. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa wa tukunya ruwan da ke sa ta ƙyalli, da gashi a murhu mai zafi ƙwarai. Duk da haka ba ta yar da na gida ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu, tana zana musu ƙadangare da kunama da kada da kifi, kamar yadda ta gada. Shi Baturen ma ya ƙaru da ita. Aka nuna aikinta a London cikin 1958. Daga baya ta je Ingila da Amurka tana gini a gaban jama'a. Cikin 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu cikin 1984. In kuna da takardar naira 20, ku juya bayanta, za ku gan ta zaune tana gini.

Abin lura a nan shi ne, da abin garinsu ta yi suna. Wanda ya je masauki ya raina abin da ya gada, ya kama kwaikwayon na wani, ya yi hasara biyu.

Abin da a ke bayarwa, da abin da a ke nema

Masaukai ba iri ɗaya ba ne. Wani ya kan ba da ɗaki da abinci da kuɗin mota, har da ɗan guzuri. Wani ɗaki kaɗai ya ke bayarwa, baƙo ya ci da kansa. Wani kuwa biya a ke yi kamar haya. Wani na marubuta ne kaɗai, wani na mata ne kaɗai, wani kowa da kowa. Saboda haka a bincika sosai kafin a ɗaura kaya.

Shi ma baƙo akwai abin da ke kansa. Ya yi aikin da ya ce zai yi. Ya kiyaye dokar gida, kada ya dami maƙwabcinsa. A wurare da yawa a kan so ya nuna wa mutanen gari abin da ya yi kafin ya tafi, ko ya koya wa yara.

Yadda a ke nema

Masu nema suna da yawa, ɗakuna kuwa kaɗan ne. Ga yadda a kan bi:

1. A sami sanarwa. Yawanci a intanet a ke sa ta. A kan kuma ji ta bakin ƙungiyar marubuta, ko hukumar al'adu ta jiha, ko sashen koyar da zane da wasan kwaikwayo na jami'a.

2. A duba ranar rufewa. Takardar da ta zo bayan ranar, ko da kwana ɗaya ne, ba a duba ta. Sau da yawa a kan nema tun watanni kafin lokacin zuwa.

3. A tara samfurin aiki. Marubuci ya aika da 'yan shafuna. Masaƙi ko mai zane ya ɗauki hoton aikinsa da rana, wurin da ke da haske. Makaɗi ko mai rawa ya ɗauki murya ko hoto mai motsi, ko da da wayar hannu ne. A zaɓi mafi kyau. Biyar masu kyau sun fi ashirin gauraye.

4. A rubuta tarihin kai a taƙaice: suna, da gari, da wurin wanda aka koyi sana'a, da shekarun da aka yi ana yinta.

5. A rubuta abin da a ke so a yi a can. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Kada ka ce, "Ina so in ƙaru." Ka ce, "Ina da waƙoƙin noma goma sha biyu da na ji a bakin tsofaffi, ina so in gyara su in rubuta cikin mako shida." Mai dubawa yana so ya ga ka san inda ka dosa.

6. A nemi wani sananne wanda ya san aikinka ya rubuta takardar shaida, in an bukata.

Bayan haka wani kwamiti na gwanaye ya kan zauna ya zaɓa. In ba a ɗauke ka ba, kada ka yi fushi. Gwanaye da yawa sai da suka nema sau biyu ko sau uku. Gyara takardarka, ka sāke aikawa baɗi.

Kun ga duk wannan hanya da takarda a ke bin ta. Gwanin da ba ya karatu dole ya nemi mai karanta masa, ya kuma sa hannu a kan abin da bai gani da idonsa ba. Yawancin takardun da Turanci ko Faransanci su ke, amma wanda ya iya rubuta bayaninsa da Hausa ya gama rabin aiki, saura fassara kawai.

Gargaɗi

Inda duk a ke rabon alheri, macuta ba su nisa. In wani ya aiko maka da saƙo ya ce an zaɓe ka, alhali ba ka nema ba, ƙarya ce. In ya ce ka aika da kuɗi mai yawa don ya samo maka biza, kada ka aika. Gaskiya ne waɗansu masaukai na kirki su kan karɓi ɗan kuɗin duba takarda, amma kaɗan ne, kuma a fili su ke faɗa tun cikin sanarwa. In kana shakka, kai takardar wurin malamin da ka amince da shi.

Har wa yau, ka yi shawara da iyalinka. Masauki zai ci da kai, amma ba zai ci da gidanka ba. Manomi kada ya karɓi zaman da ya faɗo tsakiyar damina sai ya san wanda zai riƙe masa gona. Matar aure ta shirya da maigidanta da wadda za ta duba yara. Ka karanta sharuɗɗa kuma, ka tabbata aikin da za ka yi naka ne, ba za a riƙe shi ba.

Mu fa, me za mu iya yi?

Ba sai da gidan bene a ke yin masauki ba. Abin da a ke bukata ɗaki ne mai tsabta, da tuwo, da barin mutum ya yi aikinsa. Mu kuwa mun gaji saukar baƙi. Mun saba saukar da malami mai yawon karatu, unguwa ta riƙa kai masa akushi.

To, me zai hana bayan an gama girbi mutanen gari su haɗa kai, su gayyato gwanin saƙa ko gwanar ginin tukwane daga wata gunduma, su ba shi ɗaki wata guda? Gida goma su yi karo-karon abinci, kowane gida kwana uku. Da safe a bar shi ya yi nasa aiki. Da la'asar ya koya wa samari. Ran da zai tafi a taru a ƙofar dagaci a ga abin da ya yi. Baɗi kuma su can su gayyaci namu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tun yau ma kowa ya duba cikin gidansa. In akwai mai baiwa, a rage masa aiki ko da yini ɗaya ne cikin mako, a ga abin da zai fito da shi.

Tambayoyi

1. Mene ne masaukin masu fasaha?
2. Ina bambancinsa da zaman makaɗin fada?
3. A wane gari aka rubuta Magana Jari Ce, kuma cikin wace shekara?
4. Don me a ke ajiye abinci a bakin ƙofa a masaukin MacDowell?
5. Me Ladi Kwali ta koya a Abuja, me kuma ta riƙe na gida?
6. Rubuta sunayen sana'o'in fasaha biyar da a ke yi a garinku.